Inna Tana Ɗakin Hatsi

Zuwa ga yayana Penbuy, a sansanin Buhen, ƙasar Kush.

Gaisuwa mai yawa tare da girmamawa daga ƙanwarka Hunero. Ina roƙon Amun ya ba ka lafiya da tsawon rai, ya tsare ka daga zazzaɓin kudu, ya sa manyanka su dube ka da idon rahama. Ka ga na ambaci sunansa a fili. Yanzu an yarda, har ma wanda bai ambata ba shi ake harara. Mu dai da sauƙi. Maigidana Kasa ciwon baya ya matsa masa, ni kuma gwiwa. 'Yarmu Tameket ta sauka lafiya, an samu mace. Ba mu haɗa sunanta da na kowane abin bauta ba, mun gaji da sauya wa yara suna duk sanda aka sauya sarki.

Mun baro Birnin Rana. Tun da sarki ya rasu aka ɗora ɗan yaron nan a gado, manya suka ɗauke shi suka yi arewa, gari ya fara watsewa. Kowa sai cire ƙyauren gidansa da itacen rufi yake yana lodawa a jirgi. Ba zan ce komai a kan marigayin ba, ya tafi inda za a auna zuciyarsa. Abin da na kasa shi ne in bar Inna a maƙabartar kwarin nan ita kaɗai, ba mai kai mata gurasa ko ruwa. Muka tono ta cikin tabarmar da aka naɗe ta, muka sa a jirgi. Mai jirgin, wani tsoho mai bakin tsiya, ya ce bana matattu sun fi masu rai hawa jirginsa, kuma ya fi son su, ba sa amai ba sa mita. Kasa ya ce masa ya iya bakinsa, wannan surukarsa ce, da ranta ma ba ta ɗauki raini ba.

Da muka iso garinmu Waset na haye yammacin kogi, wurin kabarin Baba. Nebwa na tarar, malamin haikalin nan da ya koma sayar da albasa shekarun da aka rufe ƙofofin Amun. Ya dawo da askakken kai da farin tufa. Ya kira ni 'yar Rana, ya tambaya ko ƙuna ce ta koro mu inuwa. Sannan ya ce Inna ba za ta kwanta kusa da Baba ba sai an buɗe mata baki, kuma gaskiyarsa. Sanda muka binne ta an hana yin haka, waƙa kawai aka yi wa rana aka mayar da ƙasa. Na karanta addu'o'in da muka haddace muna yara, a ƙasan maƙoshi, amma na san ba su isa ba. Ke nan duk shekarun nan ba ta ci, ba ta sha, ba ta magana a can lahira. Nebwa ya ce ɗan fari ne ke tsayawa a taɓa bakinta da ƙarfen ibadar. Suruki ba ya tsayawa, sai in ɗan ya aiko da sandarsa, alamar ya wakilta shi.

Yaya, ban manta da abin da ya shiga tsakaninku ba. Ranar da za ta bi mu Birnin Rana ka ce mata wanda ya juya wa Amun baya kada ya sa ran ruwa daga hannunka. Ba shi ta juya wa baya ba. Ni ta biyo, ina da tsohon ciki, an tura Kasa fasa dutse, ba ni da kowa. Har ta mutu ɗan gunkinta na Amun yana ɓoye cikin tulun gari, in ta ɗebo sai ta yi masa raɗa.

Yanzu tana ɗakin hatsi a gidan ƙanin Kasa. Matarsa ta fara cewa ita ba ta taɓa ganin baƙuwar da ba ta ci ba kuma ba ta tafiya ba. Kogi ya fara yin ja, alamar ambaliya ta kusa, gidan kuwa a gangare yake. In ruwa ya cika, dole in kai ta bakin hamada in tura ta rami kamar marar kowa, ni kuma ƙarfin sake tono ta ya ƙare mini. Ban ce ka zo ba, na san soja ba shi da ikon ƙafarsa. Sandar kawai nake roƙo.

Ka gaida matarka Iyti, da Hori, da ƙaramar da ban taɓa gani ba. Kasa da Tameket suna gaisuwa. Kullum da safe nakan ajiye wa Inna gurasa ko da ba ta iya ci, in zauna in ba ta labarin gari. Ban gaya mata kai ake jira ba. Ce mata na yi jiragen kudu ne ba sa zuwa da wuri.

Taka ƙanwa,
Hunero