Shi Ya Rako Ni, Shi Ya Rame

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da fatan wannan takarda ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah ya ƙara muku lafiya da rufin asiri. Mu nan alhamdu lillahi. Auta ta fara koyon ɗinki, Inna kuma kullum sai ta tambayi ranar zuwanki.

Kin tambaye ni labarin gwiwa. Likita bai sauya magana ba: ba zai yi mini aiki ba sai na rage kilo goma sha biyu, ya kuma ba ni wata shida. Huɗu sun wuce, na rage ɗaya da rabi. Maganin da ke kwantar mini da kumburin gaɓoɓi shi ne ke buɗe mini ciki, in na bar shi kuma ko murfin kwalba ba na iya murɗawa.

Amma ba ciwon ya sa na ɗauki biro ba, Baban yara ne. Ranar da aka ba ni takardar abinci ya ce ba zai zuba ido in ci dafaffen ganye ni kaɗai ba. Ya bar sukari, ya bar soye-soye, kullum da safe ya ɗaure mini igiyar takalmi tunda ba na iya sunkuyawa, mu fita zagaye tare. Yaya, mutumin nan ya zubar da kilo tara. Shi da babu wanda ya ce masa ya rage komai! Sau biyu tela yana rage masa wanduna. A asibiti ina tsaye kan ma'auni, hannuna dafe da bango, ma'aikaciyar jinya ta juya tana tambayarsa sirrinsa. Inna ma ta ce in riƙa koyi da shi, kamar ba kwano ɗaya muke ci ba.

Na san abin kunya ne, shi ya sa ke kaɗai nake gaya wa. In na ga yana hawa matakala bibbiyu sai in kau da kai don haushi. Mako biyu da suka wuce na zuba masa sukari cokali uku a shayi, da gangan. Ya kurɓa, ya dube ni, ya shanye. Daga ranar na daina fita. Kwana tara ina cewa gwiwa ce, alhali gwiwar ba ta fi yadda take kullum ba.

Da na duba kalanda na ga wata biyu suka rage, kuma ni ce zan zauna a kujera in aka fasa aikin, ba shi ba. Sai na gaya masa gaskiya, har da ta shayin. Ya tambaya ko so nake ya mayar da tumbinsa, wai ba zai ɗauke shi mako uku ba. Ban yi dariya ba. Na ce a'a, ya dai daina raka ni, domin rage saurin da yake yi saboda ni ya fi ciwon ci mini rai. Bai ji daɗi ba, amma ya yarda. Yanzu ɗaurin takalmi kawai ne aikinsa, sai ya tsaya bakin ƙofa.

Ba na jin zan cika sha biyun nan. Zan roƙi likita ya ƙara mini lokaci, kuma ina so in je masa da abin nunawa. Alfarma ɗaya nake nema: in kin kira waya, ki daina ce masa ya koma saurayi, ina kusa ina ji. Yau na je har kantin magani na dawo ni kaɗai, minti ashirin da biyar, na huta sau uku, babu wanda ya riga ni isa.

Ki gaishe mini da maigidanki, da Gwaggo, da takwarata da tagwaye. Baban yara ma yana gaishe ki, da sabon wandonsa.

Ƙanwarki da ke kewarki.