Layi a Cikin Kwanon Ciyayya

Daren Laraba, bayan isha'i

Yau na koma ciyayya a ƙofar gidan Yaya Ilu, bayan na daɗe ina cin abinci ni kaɗai a ɗaki kamar mai laifi. Tun da aka ce ina da ciwon suga, ma'aikaciyar asibiti ta sa na dunƙule hannu, ta ce iyakar tuwona ke nan, sauran cikin in cike shi da ganye. To, a kwanon taro ta ina mutum zai auna? Hira na daɗi, hannu na kai da komo.

Amma kewa ta ishe ni. A ƙofar nan marigayi Baba ya koya mana cin gabanmu. Ina tuna tuwon dawa da miyar kuka, man shanu na narkewa a kai, Yaya Ilu na fakar idon Baba yana turo mini lomarsa, don ni ne ƙarami kuma ba na ƙoshi.

Da aka buɗe kwano sai na rasa ta inda zan fara. Yaya Ilu ya wanke hannu, ya sa yatsa ya ja layi a tuwon, ya turo kwaɗon zogale gabana.

"Ga iyakarka nan, Sale. Ka tsallake, mu ɓata."

Aka yi dariya. Na so in ji haushi, ni da nake da jikoki. Amma na tsaya a layin.

Hannun da ya ƙara mini ina yaro shi ne ya rage mini yau, kuma wallahi ban ga bambanci ba.