Na Rubuta Mita Goma Sha Biyar a Inda Mita Huɗu Ne

Tanti Salamatu, don Allah ki taimake ni. Ƙyamar kaina nake ji, kuma na rasa wanda zan faɗa wa.

Ni mai zanen gine-gine ne a Malanville. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina aiki a ofishin maigidana, bari in kira shi Malam Kadiri. Shi ya koya mini riƙon alƙalamin tawada, shi ya koya mini jan layi a kan kalk, takardar nan mai shara-shara da muke zane a kanta. Mutum ne da in ka kauce da milimita ɗaya zai yaga takardar a gabanka, ya ce ka sake. Da ina jin haushin haka, daga baya har alfahari na riƙa yi da shi.

Wata biyu da suka wuce wani ɗan kasuwa daga Gaya ya sayi fili kusa da duwan, wato ofishin kwastan na kan iyaka, zai gina masauki don direbobin manyan motoci masu jiran takardu. Ɗaki goma sha biyu, shago uku a bakin hanya, sai salga. Ni na je na auna filin. Bayan katangarsa akwai gidan wata mata, Habsatou, mai sayar da shinkafa da kifi, kuma daga rijiyarta duk layin ke ɗibar ruwa. Ƙasarmu kuwa yashi ce, kusa da kogi, ba ka yin nisa da haƙa sai ka tarar da ruwa.

A zanenmu santimita ɗaya a takarda mita ɗaya ce a ƙasa. Da na gama, tsakanin ramin salga da rijiyar Habsatou santimita huɗu ya fito, wato mita huɗu. Malam Kadiri da bakinsa ya koya mini kada ya gaza goma sha biyar. Na nuna masa, na ce a mayar da ramin gefen hanya, sai dai zai ci shago ɗaya. Mai filin ya ce ko kusa, shagunansa uku yake so. Washegari Malam Kadiri bai ce mini komai ba, reza kawai ya ajiye mini a kan tebur, ya ɗora yatsa a kan lambar.

Tanti, na kankare huɗun nan. Na shafe wurin da farce ya yi sumul, na rubuta goma sha biyar da rubutuna mafi kyau. Layin yana nan santimita huɗu, ban taɓa shi ba. A sana'armu lambar da aka rubuta ake bi, ba a ɗora ma'auni a kan takarda, kuma Malam Kadiri ya san haka tunda shi ya koya mini. Izinin gini ya fito lafiya lau, da sunana a ƙasan takardar.

Makon jiya na koma filin tare da magini don kafa turaku. Rana ta yi zafi, sai ga Habsatou da kanta ta kawo mana ruwa a kwanon sha, tana sa mana albarka, tana cewa babu rijiya mai daɗin ruwan tata a unguwar. Na kai kwanon baki, sai na tuna ramin nan da direbobi arba'in za su riƙa amfani da shi kullum, na sauke kwanon ban kurɓa ba. Na ce mata azumi nake, alhali ga goro a bakina. Ta dube ni, ta karɓi kwanonta.

Tun ranar ba na iya cin abinci a kwano ɗaya da maigidana. In ya gyara wa wani layi sai in ji kamar in tofar da yawu. Matata ta ce in rufe bakina, ba ni na sayi fili ba. Kwana goma ya rage a fara haƙa. In na yi magana na tona asirin wanda ya mayar da ni mutum, aikina ma ya tafi. In na yi shiru, yaran layin nan za su sha abin da ni na kasa haɗiyewa. Yaya zan yi?

Mai Zane, Malanville

*

Ɗana Mai Zane, ni ma da na karanta sai da na ture shayin da ke gabana. Ƙyamar da kake ji daidai ce, kada ka nemi maganinta. Amma kada ka jibge ta duka a kan Malam Kadiri. Shi ya miƙo reza, hannun da ya kankare naka ne.

Shi ma a yi masa adalci. Wanda ya yi shekaru yana yaga takarda saboda milimita ɗaya ba mugu ba ne, tsoron rasa babban aiki ne ya kama shi. Lura, ko bakinsa bai iya furta umarnin ba, yatsa ya nuna. Mai irin wannan kunyar ana iya dawo da shi hanya. Matarka kuma tukunyarta take karewa, ba laifi ba ne.

Abin godiya, ramin nan har yanzu tawada ce. Zauna ka sake zanen da gaske, ramin a gefen hanya, ka matse inda za a iya matsewa ko shago na uku zai tsira, ko da ƙarami ne. Ka same shi shi kaɗai, ba gaban ma'aikata ba. Ba sai ka yi masa wa'azi ba. Ɗora ma'auni a kan tsohon layin ya karanta da idonsa, sannan ka shimfiɗa sabon zanen. Ku je wajen mai filin tare, ku tuna masa baƙinsa ma ruwan ƙasar nan za su sha, kuma masaukin da ya ɓata rijiyar unguwa ba zai zauna lafiya da maƙwabta ba.

In sun ƙi, ka rubuta wa masu ba da izini cewa akwai lambar da ba daidai ba a zanenka, ka kuma sanar da Habsatou kafin a sa diga a ƙasa. Ba zan ruɗe ka ba, kana iya rasa aikinka. Amma hannun da ya iya zane ba zai rasa tebur ba, su kuwa mutanen layin rijiya ɗaya gare su.

Ka fara yau, kwana goma ba yawa. In komai ya daidaita, ka koma gidan Habsatou, ka zubar da goron bakinka, ka roƙe ta ruwa. Allah ya ba ka ƙarfin zuciya, ya sa ka shanye shi har ƙasan kwano.

Tanti Salamatu