'Yata ta ce sai na bi ta kallon mawaƙinta za ta dawo gida

Salamu alaikum jama'a. Admin a ɓoye sunana. Shawara nake nema don Allah, ni ban yi lakwal mai nisa ba, bokona kaɗan ne, ku yi haƙuri da rubutun.

Ina aiki a wata masana'anta a Saint-Fons, kusa da Lyon a Faransa, mutumin Damagaram ne ni. 'Yata ta fari shekarunta ashirin, a nan Lyon aka haife ta. Bara ta fara kallon wani fim na Japan a tele, na 'yan mata masu bin mawaƙi, ba aiki ba karatu, sai ci da sha da kwalliya da bin shi gari gari. Na ɗauka kallo ne kawai. Ashe koyo take. Ta zaɓi nata mawaƙin, wani yaro siriri mai jan gashi, komai nata ya koma ja har ɗankwali. Tana da hotonshi na roba da ke tsayawa da kanshi, in za ta ci abinci sai ta ajiye shi gefen kwano ta ɗauki hoto tukun.

Ranar da na shigo na tarar da gato, wato kek, da kyandir gaban robar nan, wai ranar haihuwarshi ce, raina ya ɓaci. Na ce wannan bauta ce, na kwashe duka na zuba a bola. Ba ta yi kuka ba. Ta ce Baba, shekara guda ba ni da wanda nake yi wa hira a gidan nan sai shi, kai in ka dawo barci kake. Washegari ta tafi Saint-Denis, can gefen Paris, wajen ƙawayenta masu irin halin.

Wata biyu ke nan. Uwarta ta daina yi mini magana sai ta abinci. Jiya yarinyar ta kira, ta ce mawaƙin zai zo Paris ranar Asabar, in zo in tsaya layi da ita, in riƙe 'yar fitilar nan ja da suke kaɗawa, in gani da idona ko bauta ce. In na zo za ta biyo ni gida. In ban zo ba, in bar nemanta.

Ni ne ke buɗe masallacin unguwarmu ran Juma'a. Wurin wasan kuwa kowa da waya a hannu, hoto ɗaya ya isa Damagaram kafin in hau jirgin dawowa. In na je na yarda da abin da na zubar. In na ƙi, na san halinta, irin nawa ne, ba za ta sake kira ba.

Asabar jibi ce. In je ko in zauna?