Mai Sunan Malam Ya Yi Ƙwai

Hajiya Uwa, don Allah ki taimake ni. Na rasa wanda zan gaya wa wannan magana a garinmu Ƙarfi ba a ji ta a kasuwa ba.

Bayan rasuwar Malam Rabe, mijin Gwaggona, gidanta ya yi tsit. Da na kai masara Funtuwa sai na sayo mata 'yan tsuntsaye biyu na keji, irin na ƙasar wajen nan masu ruwan toka. Mai sayarwa ya fara bayani, na ce ya huta, ni da nake bambance zabo da zabuwa tun daga nesa. Na ga ɗaya ya fi ƙiba, yana ture ɗan'uwansa daga gero, na ce ga namiji. Na sa masa Rabe.

Gwaggo ba ta taɓa faɗin sunan mijinta ba, don haka "mai sunan Malam" take ce masa. Kullum da safe sai ta gaishe shi, ta ba shi labarin gona. Ta koma cin abinci, har dariya take yi.

To Hajiya, mai sunan Malam ya yi ƙwai, a kan idona. Ɗayar ma tana yi, kuma ba wanda ya ƙyanƙyashe. Gwaggo dai na ga ta fara daka musu ɓawon ƙwai, kuma kason mai sunan Malam ya fi yawa. Tsoro nake in faɗa mata ta koma gidan jiya. In musanya shi da namiji a ɓoye ne, ko in ƙaro ɗaya su zama uku?

Mai Keji, Ƙarfi

Mai Keji, Allah ya saka maka da alheri bisa kula da Gwaggo. Amma waɗannan ba zabi ba ne, ƙiba da zari ba sa nuna namiji. Namijinsu yana da tabo ruwan goro a kumatu, zane baƙi da fari a wuya, baki jajawur, kuma yakan rera waƙa. Mace ba ta da ko ɗaya. Naka duka mata ne, mata kuwa sukan yi ƙwai ko ba namiji.

Kada ka yi uku, biyu za su haɗa kai su fige ɗaya. Mata biyu suna zama lafiya. In 'ya'ya ake so, ka samo maza biyu da keji na biyu mai faɗi, kowace da nata.

Na fahimci tsoronka, amma musanya a ɓoye ba ta taso ba. Wadda ta tsufa tana kiwon kaji ta san wa ake daka wa ɓawon ƙwai. Gwaggo ta riga ka sani, kai take rufa wa asiri. Ka je ka gaishe ta ku yi dariyarku, sunan kuma ka bar mata abinta.

Allah ya jiƙan Malam Rabe, ya ƙara wa mai sunansa lafiya.

Hajiya Uwa