Sani Yana So Ya Rushe Zauren Kaka

Sheshe, Kano.

Zuwa ga ƙanena Malam Bukar,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Hajiya Falmata da yara. Yaya zaman Sudan? Mu nan sai godiya, ko da yake tun da aka fara tashin bama-baman nan ba mai fita da kwanciyar hankali.

Maganar zauren Kaka ce ta sa na ɗauki biro. Wani malamin jami'a mai binciken kayan tarihi ya zo da ɗalibansa. Na zaci za su zauna su tambaye ni wa ya gina shi, kamar yadda aka koya mana a zamaninmu. Ina! Wai daɗewa a unguwa haɗari ne yanzu. Suka zagaye ginin da kyamara, ciki da waje, suka tafi, ko ruwan da na kawo ba su sha ba.

Daga baya malamin ya turo wa Sani, ɗan marigayi Yaya, hoton zauren a waya, ana juya shi da yatsa kamar waina a tanda. Tun ranar Sani ke cewa, "Baba, tunda an adana shi a kwamfuta, mu rushe mu yi shaguna." Na kira malamin don ya ja wa Sani kunne, sai ya ce, "Alhaji, mu aikinmu ya kammala." Tir da irin wannan ilimi!

Kai ma magaji ne. Ka kira Sani ka ce ba ka yarda ba, don har ya yi magana da leburori, ni kuwa ya daina jin maganata.

Ka gaishe da iyali. Ka yi mini addu'a, kada Allah ya nuna mini diga a jikin bangon nan.

Yayanka,
Malam Abba