Kaɗanya a Gonar Aro

Daren Laraba, cikin watan Rajab, Kontagora.

Yau Kawu Ɗanjuma ya same ni a gona ina auna taku tsakanin 'yan kaɗanyun da suka tsiro. Damina uku ke nan ina kauce musu da fartanya, ina killace su da ƙaya saboda shanu. Da murnata na zayyana masa shirina: kaɗanya da ɗorawa a jere, lalle a bakin iyaka, baban rini da auduga a tsakani, ganye ya riƙa zuba ƙasa ta farfaɗo.

Ko kallon inda nake nunawa bai yi ba. Ya ce, "Ɗana, aro na ba ka. A gonar aro dawa ake shukawa, a girbe a tashi. Mai renon itace gado yake nema."

Na ce, "Kawu, ƙasar nan mutuwa take yi."

Ya ce, "To ta mutu a hannun 'ya'yana. Kafin Juma'a ka tuge su."

Wallahi ban taɓa kwaɗayin gonarsa ba. Kafin kaɗanyar nan ta yi 'ya'ya na yi furfura, jikokinsa ne za su ci man kaɗen.

Gobe zan tuge ƙananan. Babbar kuwa, wadda ta kai min gwiwa, Kawu zan miƙa wa gatari, ya sare ta da hannunsa.